NVDA ba boka ba ce, abin da aka rubuta take karantawa

Duk wanda ganinsa ya yi rauni ko ya tafi gaba ɗaya, in dai yana da kwamfuta mai Windows, shawarata ya sauke NVDA, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kwamfuta. Kyauta ce, ko kwabo ba a biya. Tun da hawan jinin ido ya ci ƙarfin idanuna, da ita nake karanta labarai, da ita nake amsa imel da yin rubutu a Word. Amma akwai inda take tsayawa cik, kuma sau da yawa laifin ba nata ba ne.

Aikinta shi ne ta karanto maka abin da ke fuskar kwamfuta da murya, ko ta tura shi ga na'urar rubutun makafi idan kana da ita. Wani makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, shi ya fara rubuta ta a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo suka ci gaba tare, suka kafa ƙungiyar NV Access mai kula da ita. Kafin zuwanta wata manhaja irinta mai suna JAWS ce ke sharafi. Ita ma ba ta da laifi, sai dai lasisinta da dala ake saye, ɗalibi ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ina zai kai? Wani abin da ya burge ni, ana iya ɗora NVDA a filash. Ka je shagon kwamfuta ko ofishin wani, ka soka, ta fara magana ba tare da an girka komai ba.

Muryar eSpeak da ke zuwa da ita ba ta da daɗi, tsakani da Allah. Da farko har kai take sa wa ciwo. Muryoyin Windows sun fi ta taushi, amma da kunne ya saba sai na koma mata, don ita ce in ka ƙara mata sauri kalmomi ba sa cakuɗewa. Babban gibinta a wurina Hausa ce. A jerin harsunan akwai Larabci, akwai Suwahili da Amharik, ban ga namu ba. Dole muryar Turanci ke karanta min labaran Hausa, ta lanƙwasa kalma yadda ta ga dama, in ta zo kan ƙ da ɗ da ɓ kuwa sai ta yi tuntuɓe. Ana fahimta, amma sai an yi haƙuri.

Inda take nuna gwanintarta shi ne a shafin da aka gina bisa ƙa'ida. Mai ido yana leƙa shafi sau ɗaya ya san inda zai dosa. Mu kuma da haruffa muke tsalle. Na danna H ta kai ni kanun magana na gaba, K mahaɗi, F wurin cike fom, B maɓalli, T tebur. Insert da F7 kuma su jero min dukkan kanu da mahaɗan shafin in zaɓa. A Wikipedia da BBC Hausa haka nake yawo ba gargada, har da mahaɗin nan na saman shafi mai tsallakar da kai kai-tsaye zuwa labari.

To, je ka wasu shafukan rajistar makarantu da na neman aiki ka ji. Mai ginin ya ƙara wa rubutu girma da kauri, a ido ya yi kama da kanu, amma bai shaida wa kwamfuta cewa kanu ba ne, sai in danna H ta ce babu. Maɓalli hoto ne kawai ba suna, abin da zan ji shi ne “maɓalli, maɓalli, maɓalli”, wanne ne na turawa, wanne ne na gogewa, Allah masani. A wani fom na biyan kuɗin makaranta akwatuna suna nan a jere, babu wanda aka liƙa wa sunansa. Na cike da ƙyar, aka ce akwai kuskure, alamar kuskuren kuma jan launi ce kawai a gefen akwati. Daga ƙarshe sai ga karkatattun haruffan nan da ake cewa ka kwafa don a tabbatar kai mutum ne, ba zaɓin saurare. Sai da na kira ƙanena. Nan ne abin ke ciwo: lambar sirrinka da bayanan asusunka su koma hannun wani, ko da ɗan'uwanka ne, alhali kai baligi ne mai hankalinka.

Duk waɗannan an daɗe da rubuta maganinsu. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da WCAG, wato ƙa'idojin gina shafin da masu buƙata ta musamman za su iya amfani da shi, tun 1999, aka sabunta su a 2008 da 2018, bugu na 2.2 ya fito a Oktoban 2023. Matakai uku ne, A da AA da AAA, kuma na tsakiya aka fi nema. Abubuwan da ya ƙunsa ba na tashin hankali ba ne: hoto mai ma'ana a rubuta masa bayani, kowane akwati ya sami suna, duk abin da linzamin kwamfuta (mouse) ke yi maɓallan rubutu ma su iya, kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo, bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Kurma na buƙatar rubutu a ƙasan bidiyo, mai rawar hannu ba ya iya saita linzami, dattijo ba ya ganin rubutu mai ruwan toka a kan fari.

A Najeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Maganar da aka fi ji ita ce ta gangaren keken guragu da lif, alhali da yawa daga abin da ake zuwa nema a ofisoshin nan yanzu ta intanet ake cikewa.

Ga sanarwar da aka ɗauka hoto aka manna, kamar jerin sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu, NVDA na da dabara: Insert da R sukan sa Windows ya gwada gano rubutun da ke cikin hoton. In hoton ya fita fes yana taimakawa, in da waya aka ɗauka a karkace, sunaye sukan dawo a hargitse.

Ku masu gina shafuka, NVDA ce kayan gwajinku mafi arha. Ku cire linzami, ku kunna ta, ku gwada cike fom ɗinku da Tab da Enter kaɗai. Sabon shiga kuma, in laftof gare shi, ya mai da Caps Lock madadin Insert tun wajen girkawa, don a wasu laftof ɗin Insert a ɓoye yake. Kuma ya fara haddace Ctrl, shi ne ke sa ta yin shiru.