AeroSHARK: ledar fatar kifin shak a jikin Boeing 777, ko ta cancanci kuɗinta?

AeroSHARK leda ce mai manne da kamfanin gyaran jiragen sama Lufthansa Technik da kamfanin sinadarai BASF na Jamus suka ƙera, ana liƙa ta a gangar jikin jirgin sama da murfin injinansa. A samanta akwai siraran kunyoyi masu tsayin maikiromita 50, kwatankwacin kaurin silin gashi, irin na ɓawon fatar kifin shak. Iskar da ke shafar jikin jirgi tana murɗawa ƙanana-ƙanana, kunyoyin kuma suna hana murɗin nan sauka ya gogi bangon duka, sai dai ya taɓa kawunansu. Kusan rabin tirjiyar da jirgin fasinja ke sha a sama daga gogayyar nan take fitowa, shi ya sa abin ba wasa ba ne.

Ribarta kashi 1 ne cikin 100 na mai, ko ɗan sama da haka. Kada a raina shi. Boeing 777-300ER na kamfanin jiragen sama SWISS yana cin leda murabba'in mita 950, kuma alƙaluman kamfanin sun nuna ragin man jirgi kusan tan 400 a shekara a kowane jirgi. Na dakon kaya, 777F na Lufthansa Cargo, murabba'in mita 800 ne. Hukumar EASA mai kula da amincin jiragen sama a Turai ta amince da ita a kan samfurin biyu a Disamba 2022.

Wahalar tana wajen liƙawa. Faifai-faifai take zuwa, kuma dole kunyoyin kowane faifai su bi hanyar da iska ke bi a daidai wurin, hanyar kuwa tana lanƙwasa a kusa da gindin fiffike. In karkacewar ta wuce digiri 15 riba ta fara zagwanyewa, in ta yi yawa ma ledar ƙara tirjiya take yi. Ga yankan gefen ƙofofi da tagogi da ramukan auna iska, waɗanda ba a yarda a rufe ko ɗaya ba. Fentin da ya tashi ko maiƙon da aka bari a ƙasa kan sa bakin ledar ya ɗago, iska ta shiga ta ɓare shi. Aiki ne na kwanaki, gara a haɗa shi da lokacin babban gyara.

Sai tsafta. Ƙura ko man goge jikin jirgi in ya cike kwarin kunyoyin, leda ta koma sumul, kuɗi ya tafi a banza. Wanki da ruwa take so.

Mai 777 da ke doguwar tafiya kullum ya liƙa, zai ga kuɗinsa. Jirgin gajeren zango kuwa yana ɓata lokacinsa a hawa da sauka, alhali an auna tazarar kunyoyin ne da gudun jirgi in ya daidaita a sama, don haka ribarsa ba za ta kai haka ba.