Ma'aunin gishiri na hannu: ya ci kuɗinsa, amma yana da inda yake ƙarya

Sharhin nan a kan wani ɗan ƙaramin ma'auni ne da ake kira rifiraktomita, wanda masu kiwon halittun ruwa ke duba yawan gishirin ruwa da shi. Ta intanet na saye shi, irin masu arahar nan da ko sunan kamfani ba ka gani a jikinsu, kuma ya ga damina da hunturu da bazara a hannuna a nan Kano. Duk mai kiwon dodon koɗin ruwan zartsi a Arewa, ina ba shi shawara ya mallaki guda. Sai dai ya san halinsa kafin ya sakar masa ragama.

Bari in faɗi abin da nake kiwo, don a gane amfanin ma'aunin. Akwatin gilashi ne da na raba biyu, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya tudun taɓo da saiwoyin itace, abin da masu harkar ke kira faludariyom. Mazauna cikinsa su ne dodon koɗin nan masu dogon ɓawo mai tsini da mutanen Kalaba da Fatakwal ke sakawa a miya, waɗanda masana ke kira Tympanotonus fuscatus. Gidansu na asali dazukan mangurof ne, wato itatuwan da ke tsirowa cikin taɓon bakin teku, da tafkunan bakin teku na Afirka ta Yamma, tun daga Sanagal har Angola, inda ruwan kogi ke gauraya da na teku, kuma ruwan ke hawa ya janye sau biyu a yini. Rabin rayuwarsu a kan taɓo suke yinta, suna lasar ruɓaɓɓen ganye da gansakuka. A kasuwar Sabon Gari na samo nawa, wurin wata madam mai kayan miyar Kudu. Har ta ɗauki wuƙa za ta sare musu gindi kamar yadda ake yi wa na girki, na ce ta bari, da ransu nake so. Ta dube ni ta ce, "Malam, kiwo za ka yi?" Wanda zai bi wannan hanya ya kula da wannan sarar, domin wanda aka sare wa gindi sai tukunya. A zaɓi masu cikakken ɓawo, waɗanda murfin bakinsu ke rufe gam, kuma a sansana. Matacce ba ya ɓuya ga hanci.

Shi ma'aunin bututu ne da bai wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba. A goshinsa akwai gilashi a karkace da murfin roba mai haske. Za ka ɗiga ruwa ɗigo biyu ko uku, ka kwantar da murfin a hankali har ruwan ya bazu ba kumfa, ka fuskanci haske, ka leƙa ta ɗaya bakin. Abin da za ka gani fili ne, sama shuɗi, ƙasa fari, kuma inda suka haɗu nan ne awonka. Gefe ɗaya an rubuta 0 zuwa 100, wato giram nawa na gishiri ke cikin kowane kilo na ruwa. Ɗaya gefen nauyin ruwan ne in aka kwatanta shi da ruwa zalla, daga 1.000 zuwa 1.070. Ruwan teku yana zama a wajen 35, wato kusan 1.026. Ni ina riƙe nawa tsakanin 10 da 12, wajen 1.008. Ba ya cin batir, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma ɗigo uku sun ishe shi, alhali wani nau'in ma'aunin gishiri, na roba mai allura, sai ka cika shi da ruwa, kumfa ɗaya ta maƙale a allurar ta karkatar da awon.

Inda ya fi yi mini rana shi ne lokacin hunturu. Iskar nan mai bushewa tana shan ruwan akwatin, amma ba ta tafiya da gishirin. A yi lissafi: lita 40 mai awo 10, in lita 8 ta ƙafe, ragowar lita 32 ta koma 12.5 ba tare da ka ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Wanda bai sani ba zai cike giɓin da sabon ruwan gishiri, ya sake cikewa, a hankali akwatin ya doshi teku. Ido ba ya ganin wannan, harshe kuma ba abin dogaro ba ne. Ma'aunin ne ke tuna maka cewa abin da ya ƙafe da ruwa zalla ake mayar da shi, ruwan gishiri kuwa sai ranar da ka kwashe wani ka zubar. Gaskiya waɗannan dodon koɗin suna da juriya, don a tafkin Legas ma ruwan kusan na sha yake komawa da damina, da rani kuma gishiri ya hau sosai. Amma can sauyin a hankali yake zuwa. Abin da ba sa so shi ne a juye musu ruwa dare ɗaya. In aka yi haka sai su ja murfi su rufe, ko su haye gilashi su maƙale a sama su ƙi saukowa.

To, ga inda yake ƙarya. A jikinsa an buga haruffan ATC, ma'ana yana gyara awonsa da kansa gwargwadon zafi, amma takardar cikin kwalin ta ce daga digiri 10 ne zuwa 30. Watan Afrilu a Kano kuwa rana na haura 40, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ma ba a magana. A irin wannan lokaci layin shuɗin kan gusa, ruwa ɗaya ya ba ka awo biyu tsakanin safe da azahar. Dabarata ita ce in yi awo da sassafe, in ajiye ma'aunin kusa da akwatin don zafinsu ya zo ɗaya, in kuma jira kamar daƙiƙa 30 bayan ɗiga ruwan kafin in leƙa. Sannan saitinsa yana kwancewa. Akwai ɗan kusa a ƙarƙashin wata hular roba, da ƙaramar sukundireba a cikin kwalin. Ana ɗiga tataccen ruwa, a murza har layin ya zauna daram a kan sifiri. Tataccen ruwan da ake zuba wa batirin mota yana yi, amma a tabbata zallan ne, ba mai asid ba. Ni kowane mako nake duba sifirin, kuma ba safai nake tarar da shi inda na bar shi ba.

Rubutun ciki ma ƙanana ne ƙwarai. An matse 0 zuwa 100 a ɗan fili, mu kuma masu ruwan zartsi a ƙasan sikelin muke aiki, don haka bambance 11 da 12 sai da kanne ido. Mai raunin gani ya murza bakin leƙawar har lambobin su fito. In ba a goge gilashin da ƙyalle mai laushi bayan kowane awo ba, busasshen gishirin jiya zai hau kan awon yau.

Akwai kuma abin da ba aikinsa ba ne, kuma nan mutane ke ruɗuwa. Ma'aunin bai san bambancin gishirin girki da gishirin teku na akwariyom, wato akwatin kiwon kifi, ba, duka layi ɗaya zai nuna maka. Gishirin girki ba shi da kalsiyam da magniziyam da kabonet ɗin da dodon koɗi ke gina ɓawo da su. A ruwa mai tsami-tsami tsinin ɓawon zai fara fari, ya zaizaye, ya yi ramuka, ma'aunin kuma na ce maka lafiya lau. Don haka gishirin teku na haɗawa nake saya, ina kuma cusa dakakken ɓawon kawa, irin wanda ake zuba wa kajin ƙwai a abinci, a cikin yashin ƙasa, ina duba pH, wato awon tsamin ruwa, daban da takardar gwaji don ya tsaya tsakanin 7.5 da 8.2. Haka nan ba ya ganin kulorin na ruwan famfo, ba ya ganin jan ƙarfe, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke kashe dodon koɗi, kuma jan ƙarfen yana cikin wasu magungunan kifi. Sanyin daren Janairu ma sai da hita, don halittun Neja Delta ba su saba da jaura ba. Ina riƙe ruwan tsakanin digiri 25 da 28.

Akwai na lantarki mai nuna lamba a allo, ya fi sauƙin karantawa, amma kuɗinsa ya ninka wannan sau da yawa, ga neman batir. Mai kiwon murjani, wato halittar nan ta ƙasan teku, a cikakken ruwan teku, wanda kuskuren awo ɗaya ko biyu ke jawo masa asara, ya nemi wancan ko ya sayi ruwan saiti mai awo 35. Mai dodon koɗin taɓo irina, wannan na hannun ya wadatar. Wajen oda a duba hoton sikelin da kyau, domin akwai masu kama da shi sak da aka yi don auna suga a lemo ko ruwa a zuma, kuma masu sayarwa sukan jera su wuri ɗaya. Wanda aka rubuta 0 zuwa 100 da 1.000 zuwa 1.070 shi ne na gishiri.