Inkscape da zanen siffofi masu juyawa mataki-mataki: inda ya yi zarra da inda ya gaza

Inkscape manhajar zane ce ta kyauta, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ga mai son jera siffa ɗaya sau da yawa, kowace ta ɗan karkata fiye da ta bayanta, manhajar ta biya buƙata, amma sai an san inda aka ɓoye kayan aikin.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kwafi siffa da Ctrl+D, a danna maɓallin ] ta juya digiri 15. Sau 24 ke nan kafin a cika da'ira. Wannan ya isa ga fure ko tauraro, muddin an fara danna siffar, an ɗan dakata an sake dannawa, an ja ɗan gicciyen da ke tsakiyarta zuwa inda ake so ya zama cibiyar juyi. Wanda ya saba da Ctrl+R na CorelDRAW, mai maimaita aikin da aka yi na ƙarshe, kamar yadda yake a yawancin shagunan ɗab'i namu, zai ga hannu na wahala a nan.

Ainihin ƙarfin yana cikin Create Tiled Clones, tagar da ke jera kwafi masu ɗaure da siffar asali, ƙarƙashin Edit sannan Clone. A zana murabba'i, a bar Symmetry a kan P1, a sa layi 10 da ginshiƙi 10. A shafin Rotation a rubuta digiri 5 ga kowane layi, 5 ga kowane ginshiƙi. Da an danna Create sai murabba'ai 100 su fito, karkatar tana ƙaruwa daga kusurwar sama ta hagu har zuwa ta ƙasa ta dama, inda ta kai digiri 90. A lura da wannan adadin: murabba'i in ya juya digiri 90 ya koma kamanninsa na farko, don haka zanen zai fara a miƙe ya ƙare a miƙe, tsakiya ce za ta fi karkata. Mai kusurwa uku daidai-wa-daida sai digiri 120, mai shida kuwa 60. In siffofin suna cin juna, a ƙara tazarar kashi 45 cikin 100 a shafin Shift, a tsaye da a kwance, domin tsawon murabba'i daga kusurwa zuwa kusurwa ya fi gefensa da kusan kashi 41.

In ana so duka su taru a wuri ɗaya suna kewaye cibiya, sai a sa layi 1, ginshiƙi 36, juyi digiri 10, a kuma rubuta -100 a Shift X na ginshiƙi.

Matsalolin da aka fi cin karo da su uku ne. Tagar tana riƙe lambobin aikin baya, shi ya sa zane kan tarwatse ba dalili. A danna Reset kafin a fara. Siffar asali kuma tana nan kwance a ƙarƙashin kwafin farko, in launin mai shara-shara ne wurin zai fi duhu. Shafin Color ba ya aiki sam sai an mayar da launin asalin Unset, wato ba a ƙayyade masa launi ba.

Inda manhajar ta fi ba da ciwon kai shi ne murabba'ai masu shiga cikin juna, kowane ƙarami kusurwoyinsa na taɓa gefen babba. Lissafin ba wuya: a juyin digiri 5, kowane sabo zai zama kashi 92.3 na wanda ya gabace shi, a digiri 10 kuma kashi 86.3. Sai dai shafin Scale, a yadda yake zuwa, ragi iri ɗaya yake cirewa daga girman asali kowane mataki, ba daga na baya ba. Sakamakon haka kusurwoyi su daina taɓa gefe tun a kwafi na uku ko na huɗu. Abin da ya fi tabbas shi ne tagar Transform, Shift+Ctrl+M: a kwafa, a rage, a juya, a maimaita. A kashe maɓallin da ke rage kaurin layi tare da siffa, in ba haka ba na ciki za su sirance har su ɓace. Manhajar Adobe Illustrator tana yin wannan a taga ɗaya, kuma a nan ta fi Inkscape nesa ba kusa ba.

Tun fitowar 1.2 a shekarar 2022 an ƙara Tiling cikin Path Effects, ga kuma Rotate copies da ke nan tun da. Amfaninsu shi ne ana sauya adadi da kusurwa ana gani nan take, ba sai an goge an sake ba. Sabon shiga ya fara da su.

Kafin a kai wa mai ɗab'i ko injin yankan sitika, a zaɓi komai, a raba kwafin da asalinsu da Shift+Alt+D, sannan a mayar da su layukan zane da Shift+Ctrl+C, don wasu manhajojin ba sa karanta kwafin da ke ɗaure. PDF ɗin da Inkscape 1.4 ke fitarwa na RGB ne, tsarin launin allon kwamfuta, saboda haka katin biki ko kalanda sai an bi ta Scribus ko CorelDRAW a mayar da launin CMYK, tsarin launin ɗab'i, a kuma nemi gwajin bugu ɗaya kafin a buga da yawa.