Tagar magani ta babban asibitinmu: akwai araha, sai dai "babu" ta yi yawa

Shekara uku ke nan duk ƙarshen wata ni ke karɓo wa Inna maganin hawan jini da na suga a kantin magani na babban asibitin gwamnati da ke garinmu. Tagar nan mai ƙarafa na san ta kamar ƙofar ɗakina, har na san bencin da ƙafarsa ɗaya ke rawa.

Abin yabo na farko shi ne farashi. Amlodipine da metformin na wata guda, in na same su a nan, kuɗin da zan biya bai kai abin da ake caza ta a kemis ɗin bakin titi ba, kuma hankalina a kwance yake. Kowane kwali da lambar NAFDAC, ranar ƙarewar aikinsa a bayyane. Ba a taɓa miƙo mini ƙwaya tsirara a ƙullin leda ba.

Ban san akwai wani tsari a bayan wannan arahar ba sai ranar da wani sabon likita ya rubuta wa Inna Norvasc. Mai ba da maganin, wata dattijuwa mai tabarau, ta duba takardar ta ce, "Malam, wannan ai sunan kamfani ne. Abin da ke cikinsa amlodipine ne, wanda Hajiya ta saba sha, kuma shi ne a jerinmu." Na ce, "Wane jeri, ranki ya daɗe?" Sai ta jawo wani ɗan littafi da bangonsa ya sha salatif, ta buɗe ta nuna mini da bakin biro.

Ashe asibitin gwamnati ba ya sayen duk maganin da ya ga dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna tun 1977, tana sabunta shi duk shekara biyu, Najeriya kuma ta yi nata da dokar soja ta 43 a 1989. Hikimar ita ce a zaɓi waɗanda ke maganin cututtukan da suka fi damun jama'a, a kira su da ainihin sunansu, a saye su da yawa lokaci guda don su yi sauƙi. Kuɗin da muka biya kuma da shi ake sake saro wani, tsarin da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987. A takarda, wallahi, ban ga abin kushewa ba.

A kan kanta ne ake samun tangarɗa. Akwai haruffa biyu da na tsana, O/S, waɗanda ake rangaɗawa da jan biro a gefen sunan magani idan ya ƙare. Ɗan ƙanwata mai asma ne. Bayan faɗuwar naira a 2023 da sanarwar kamfanin GSK a watan Agusta cewa zai bar Najeriya, Ventolin, maganin asma na shaƙa da kamfanin ke yi, ya yi tashin gwauron zabi a kasuwa. Na ce to, ai salbutamol, ainihin sunan Ventolin, na cikin jeri, asibiti za ta rufa mana asiri. Sau uku ina zuwa, sau uku jan biro. Dattijuwar ta yi mini bayanin da ya shige ni: an sayar da kaya a tsohon farashi, da aka koma saro sai kuɗin kwali goma ya kasa sayen goma. Na fahimta, amma yaro mai sarƙewar numfashi da tsakar dare ba ya jiran lissafi.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ƙarami ne. Tsakanin ofishin likita da tagar nan bai fi taku talatin ba, amma likita bai san abin da ya ƙare ba. Sai ka bi layin sa farashi, ka bi na biyan kuɗi, ka dawo da rasit ka bi na karɓa. Da za a kafa allo a rubuta abin da babu a makon, da likita ya canza da wani daga cikin jerin tun kafin ka fito, da tsofaffi sun huta da tsayuwa.

Sai rigimar Inna. Tunda ainihin suna ake bi, kamfanin da ya kawo na wannan wata ba lallai shi zai kawo na gaba ba. Wata rana ƙwayar zagayayya, wata rana doguwa. Ta juya ta a tafin hannu ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, an yi maka musaya." Kwana biyu ta ƙi sha, sai da na ɗauko tsohon kwalin na jera su, na nuna mata suna ɗaya, lamba 5 ɗaya. Tun daga nan dattijuwar kan leƙo ta taga ta ce, "Ka gaya wa Hajiya kamanninsa ne suka canza."

Shawarata ga mai jinya: ka fara da tagar asibiti kafin kemis, ka roƙi likita ya rubuta ainihin sunan magani, ka zo da sassafe, kuma kada ka bari sai ƙwaya ta ƙarshe. Ni yanzu in saura na mako guda nake zuwa, da tsohon kwalin a aljihu.