Rediyon Yan'an Ko Farashin Shinkafa: Wanne Zan Nazarta?

Ɗaliban tarihi sun sha tambayata wanne ya fi dacewa da kundin bincike a kan yaƙin basasar Sin tsakanin 'yan kwaminis da gwamnatin Chiang Kai-shek: farfagandar rediyon 'yan kwaminis, ko tsadar rayuwar talaka?

Ta fuskar sauƙi, rediyo ya fi. Tashar Yan'an, garin da ya kasance hedikwatar 'yan kwaminis a lokacin, ta fara aiki a Disamba 1940, kuma Amurkawa masu sauraron tashoshin waje sun fassara shirye-shirye da dama zuwa Turanci. Haɗarinsa, bakin jam'iyya kaɗai za ka ji, ga shi manoma ƙalilan ne suka mallaki akwatin rediyo.

Tsadar rayuwa kuwa sai mai haƙurin lissafi. Gwamnatin Chiang Kai-shek ta yi ta buga takardun kuɗinta mai suna fabi don ciyar da soja, har a Agusta 1948 aka canza fabi miliyan 3 da sabon kuɗin yuan guda, shi ma ya karye cikin watanni. Albashin malamai ya zama takardar tsire. A ganina wannan ya fi ɗorewa, don ya bayyana dalilin da mutanen birni suka juya wa gwamnati baya.

Ɗalibin aikin jarida mai ƙurarren lokaci ya kama rediyo. Mai karatun tattalin arziki da ba ya tsoron alƙaluma ya bi farashi.