Robar sifesa ta sauƙaƙa mana hunturun bana

Ɗana ɗan shekara 5 yana da asma. Duk sanda hazo ya rufe Sakkwato, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙirjinsa kan riƙa kuka kamar usur, musamman gab da asuba. A da sirof ɗin salbutamol nake ba shi. Sai mu yi kusan rabin awa muna zaune kafin ya fara aiki, bayan nan hannunsa ya kama rawa, zuciyarsa na bugawa da sauri.

A asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo wata likita ta rubuta mana na shaƙa, mai shuɗiyar roba, haɗe da sifesa, wato wata roba da ake fesa maganin a cikinta yaro ya shaƙa, mai abin rufe hanci da baki. Ta ce, “Hajiya, maganin ɗaya ne, hanyar ce ta bambanta.” Sirof sai ya bi ciki, ya shiga jini, ya zaga jiki kafin ya isa huhu. Na shaƙa kuwa kai tsaye yake sauka kan hanyoyin iska ya saki naman da ya matse su, shi ya sa ɗan kaɗan ya isa: maikrogiram 100 ne kowace fesa.

Sifesar ita ce ta burge ni. Yaro ba ya iya haɗa danna gwangwani da jan numfashi lokaci guda, maganin sai ya ƙare a harshe da maƙogwaro. Yanzu nakan girgiza, in fesa sau ɗaya cikin robar, ya yi numfashi biyar ko shida, ina jin bawul ɗin na ƙas-ƙas. Kafin minti biyar kafaɗunsa sun sauka.

Inna ta hana da farko, wai wanda ya saba da maganin shaƙa ba ya rabuwa da shi. Daren da ta ga jikanta ya koma barci a cinyarta, ita ta fara tambayar inda na ajiye shi.

Abin da ban ji daɗinsa ba: gwangwanin na ɗauke da fesa 200 amma namu ba shi da ƙidaya, a littafi nake rubutawa. Tsada kuma ta yi yawa a kemis. Robar sifesar da ruwan sabulu ake wanke ta a bar ta ta bushe da kanta, ba a goge ta da tsumma. Zafin Afrilu na tafe, na riga na daina barin gwangwanin a mota.