Askar farko: wacce ya kamata ɗan koyo ya saya a Jos?

Duk mai son koyon gyaran fuska da aska a gida, kafin ya tambayi kuɗinta ya fara tambayar kansa wa zai riƙa wasa masa ita. Aska komai tsadarta dakushewa take yi, kuma dakusasshiyar aska ta fi mai kaifi ɓarna, don sai ka danna ta kafin ta ci gashi, a wajen dannawar nan kuwa ake yanka. Da wannan ma'aunin nake duba iri ukun da mutum zai iya samu a garin nan.

Ta farko ita ce askar wanzamai, ƙirar maƙeranmu. Ba ta da tsada, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban gwanin wanzami ya san irin laushin da take barin fuska da shi. Sai dai wannan laushin daga hannun mai ita yake fitowa: yana cikin aski yana goga ta a fatar gogawa, ya san lokacin da take neman dutse tun kafin gashi ya fara jan ta. Idan kana da wanzamin gida a Gangare ko Unguwar Rogo da zai zaɓar maka, ya kuma riƙa wasa maka, to saya. Amma ta zama taka kai kaɗai. Ciwon hanta nau'in B yana bin jinin da ido ba ya gani a bakin aska, kuma goge ta da tsumma ba ya kashe shi.

Ta biyu ita ce askar Turai mai naɗewa cikin ƙotarta. Sanannun suna fitowa ne daga garin Solingen na Jamus, inda kamfanin Dovo yake tun 1906, da garin Thiers na Faransa, gidan Thiers-Issard. Ƙarfe ne da ɗa zai iya gada wajen ubansa. Kuɗinta yakan kai dala 100 ko fiye, ban da kuɗin kawowa, kuma ba ita kaɗai za ka saya ba. Akwai fatar gogawa, wadda za ka bi da askar a kanta sau 30 ko fiye kafin kowane aski, bayan askar na gaba, bakinta na biye. In ka juya, fatar za ka yanka. Bayan wasu watanni kuma sai dutsen washi mai laushi sosai, irin mai lambar laushi 8,000 zuwa sama. Mai wasa wuƙaƙen mahauta da injin juyawa ba zai yi maka wannan aikin ba, cinye bakin zai yi a minti ɗaya.

In ka ƙudura sai ita, nemi mai faɗin 5/8 na inci, wato wajen milimita 16, mai zagayayyen kai. Mai kai mai kusurwa ta ƙwararru ce, tsininta na kama kunne da gefen hanci. Ka kuma tuna da daminar Jos: daga Afrilu zuwa Oktoba iska a jiƙe take, kuma yawancin askan nan ƙarfensu mai saurin tsatsa ne. Kada ta kwana a banɗaki. A share ta ta bushe, a ɗan shafa mata mai.

Masu kama da ita da ake tallatawa da araha a intanet, masu ƙyalli da zane a jiki, ka bar su inda ka gan su. Da yawansu ba sa riƙe kaifi ko an wasa. Araha ba ta ado.

Ta uku ita nake ba ɗan koyo shawara a kai: ƙota mai naɗewa da ake ɓalla reza gida biyu a saka mata rabi. Ita ce a hannun masu aski na zamani idan za su fitar da layin goshi da saje, masu sayarwa kuma suna kiran ta Shavette. A shagunan kayan aski da ke kewayen Terminus za a fara nema. Babu washi, babu fata, kowane aski da sabuwar reza, kuma in ka ga abin bai karɓe ka ba, asarar kaɗan ce. Wajen saye ka buɗe ta, ka sa reza, ka girgiza: in rezar na motsi ko ta leƙo a karkace, ajiye ka ɗauki wata. Ƙota mai ɗan nauyi ta fi ta roba zama a hannu.

Aibinta shi ne ba ta yafiya. Bakin reza siriri ne, kuskure kaɗan sai jini. Don haka kada ka fara da rezar Feather ta Japan, kaifinta ya wuce na ɗan koyo. Dorco ko Astra sun fi sauƙin hali.

Kowacce ka zaɓa, ka ware kuɗin sabulun aski da buroshi da ɗan dunƙulen alum na tsayar da jini. A sanyin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke busar da fata har ta yi fari, aski da ruwan famfo cutar da kai ne. Ɗumama ruwa, jiƙa tawul, ɗora a fuska minti biyu ko uku gashin ya yi laushi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka aske shi ƙasa da fata sai ya lanƙwashe ya koma ciki, shi ne ƙurajen nan na ƙasan haɓa da wuya da ke barin baƙin tabo. Saboda haka ka bi inda gashi ya kwanta, kada ka tayar da shi, kada ka ja fata da ƙarfi, kuma wucewa ɗaya ya isa. Kwantar da askar kusa da fata, kamar digiri 30, ka bar kaifinta ya yi aiki. Makon farko ka tsaya a kumatu kawai, inda fuska take a shimfiɗe, ka ƙarasa sauran da abin da ka saba. Haɓa da maƙogwaro sai hannu ya faɗa.